Yadda Na Kai Sikana Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi bakina bai huta ba. Duk wadda ta shigo shagona a Ƙofar Kaura, ko takarda ɗaya ta kawo a buga mata, sai ta ja kujera ta zauna ta ce in ba ta labari. Wasu don son jin labarin ne. Wasu kuwa na san su sarai, so suke su ji na ce na sha wuya na yi nadama. To, wuya kam na sha, amma nadama sai dai a nemi wata, ba Hajara ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, tunda buga rubutu ne sana'ata, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata ta je gida ta karanta.

Ga abin da ya kai ni. Kakanmu Malam Babba malami ne a Ƙofar Durbi. Ya rubuta wani littafi da hannunsa cikin ajami, addu'o'i da waƙoƙin wa'azi da ya tsara da kansa, takarda-takarda ba ɗinki, a cikin gafakar fata. Da girma ya kama shi sai ya koma Maraɗi wurin babban ɗansa, Baffa Isufu, can ya rasu, littafin ya zauna can. Babanmu shi ne ƙarami, shi ya yi boko ya yi aikin gwamnati har ya ajiye. Da ya nemi a ba shi littafin ko aro ne, Baffa ya aiko mashi cewa wanda ya bar allo ya kama biro ba shi da rabo a ciki. Daga nan zumunci ya tsinke. Ni dai na tashi ban taɓa jin Baba ya ce Yaya ba, ban taɓa jin ya kama sunan wansa ba. In maganar ta zama dole sai ya ce mutumin Maraɗi.

Bara hawan jini ya kayar da Baba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi, ko zama sai an jingina shi da filo. Wata rana ina ba shi kunu ya kau da kai daga cokalin, ya daɗe yana kokawa da bakinsa, kafin na gane abin da yake cewa. So yake ya ga rubutun Malam kafin ya tafi. Bai ƙara komai ba, kuma bai sake maimaitawa ba, don Baba ba ya roƙo sau biyu.

Yaya Kabiru, babban wanmu, shi ya fara zuwa Maraɗi. Ya ce ba sai an ɗauko littafin ba, zai ɗauki hotonsa da wayar hannu. Baffa ya ce wayar da ake shiga bayi da ita a aljihu, wadda ke cike da kiɗe-kiɗe da hotunan banza, ba za a zuba sunan Allah a cikinta ba. Yaya ya dawo ya ce tsohon nan ba ya lanƙwasuwa, kowa ya haƙura. Ni kuwa na ƙi haƙura. Na ce in dai waya ce matsalar, ai akwai sikana, na'urar nan da ake kwantar da takarda a kan gilashinta ta ɗauki hoto ta aika cikin kwamfuta ta kebul. Ba wanda ya taɓa shiga bayi da sikana. Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi namiji an koro shi, ni da kwali a ka me zan iya. Maigidana bai ce komai ba sai Allah ya tsare hanya, don ya san halin kayansa.

Tawa sikanar a jikin babban injin hoto take, ba ta ɗaukuwa. Sai na shiga wurin maƙwabciyata Anti Rahila, 'yar Kudancin Kaduna, wadda shagonta ke manne da nawa, mun daɗe muna cin shinkafar sallah da ta kirsimeti tare. Ko gama bayani ban yi ba ta zare tata ta sa a kwali. Ta dai ja mani kunne cewa ramin kebul na bayanta ya saki. In kebul ɗin ya kwanta a ƙasa ya miƙe, lafiya lau take aiki, amma da an ɗan ja shi sama ko gefe sai ta ɗauke. Na ce ba komai, wa zai ja shi. Sai na sayi sabon ɗan akwatin ajiya, irin wanda ake jonawa a kwamfuta a zuba mashi kaya, girmansa bai wuce sabulun wanki ba. Ban ɓare ledarsa ba, don Baffa ya gani da idonsa cewa ba abin da ya taɓa shiga ciki.

Rigima ta fara tun a tasha. Direba ya ce kwalin a but za a sa, ƙarƙashin buhunan wani ɗan kasuwa. Na ce gilashi ne a ciki, kuma aro ne, a cinyata zai zauna. Ya ce zan takura wa mutane. Na ce cinyar tawa ce, ban ari ta kowa ba. Haka na rungume shi, kwamfuta na goye a baya cikin jaka, har muka wuce Jibiya ban ƙara jin ƙafafuna ba. Wata tsohuwa mai daddawa da ke gefena ta yi ta shafa kwalin tana duba hoton da ke jiki, can ta tambaye ni ko murhun zamani ne. Na ce mata na ɗaukar hoton takarda ne. Ta ce Allah mai iko, yanzu har takarda ma hoto take so.

A kan iyaka aka sauke mu duka. Wani jami'i ya sa na buɗe kwalin, ya ɗaga murfin sikanar ya leƙa gilashin, ya duba kansa a ciki ya gyara hula. Ya ce ta sayarwa ce. Na nuna mashi inda kusurwarta ta fashe aka naɗe da salatif, na ce in ya samu mai saye a haka ya gaya mani in kawo mashi wasu. Ya yi dariya ya ce 'yan Katsina da baki. Daga nan muka shiga ƙasar mutane, inda ɗan acaɓa ya koma kabu-kabu, wutar lantarki ta koma kuran, ɗan sanda ya koma jandarma. Hausar dai ita ce, sai dai suna jan ta kamar ta kakanninmu, suna yayyafa mata Faransanci yadda mu muke yayyafa wa tamu Turanci. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni daga tasha da ya ji daga ina nake sai ya ce ai su ne Katsinawan asali, mu masu gadin gida ne aka bari. Na ce mun gode, gadin ya karɓe mu, ba sai sun dawo ba.

Inna Hadiza, matar Baffa, ita ta tare ni. Ba ta taɓa ganina ba, amma tana ɗaga ido ta ce wannan goshin na gidan Malam ne, ta rungume ni da kwalin gaba ɗaya. A ɗakinta na sauka. Ta dama mani fura mai kauri da nono, ta kawo kilishi, ga wani burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri a waje, wanda na rasa ta ina ake fara cinsa. Shayinsu kuma a ɗan kofin gilashi yake zuwa, ɗaci kamar magani, kuma sai an yi maka zagaye bayan zagaye, in ka tashi kafin a gama ka yi rashin kunya. Mu da muka saba da kofin roba cike da madara, na sha dai don kar a ce ɗiyar ɗan boko ta raina masu.

Bayan la'asar aka kai ni gaban Baffa a ɗakin karatunsa. Dogo ne, siriri, farin gemu, kuma wallahi da ya ɗago kai sai da gabana ya faɗi, don fuskar Baba ce sak kafin ciwo. Na durƙusa muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da yara da maigida da mutanen Ƙofar Durbi har waɗanda suka daɗe da rasuwa. Mutum ɗaya ne bai tambaya ba. Ni kuwa ban jira ba, na ce Baba yana kwance, kuma ga abin da ya kawo ni. Na ajiye akwatin ajiyar a gabansa cikin ledarsa, na yi mashi bayanin sikana tiryan-tiryan. Ya juya akwatin, ya sa farce ya gwada ledar, ya ce in kwana tukuna. Inna ta ce mani wannan ma nasara ce, don Kabiru ko zama bai gama yi ba aka sallame shi.

Washegari ya ce in haɗa ya gani. Na fito da ekistenshin ɗina, na nufi bango, sai na tsaya. Soket ɗinsu ramuka biyu ne 'yan zagaye, fulogina kuwa ƙafa uku ne masu faɗi. Mu a gida in abu mai ƙafa biyu ya zo, tsinken ashana muke cusawa a ramin sama mu danna shi ya shiga, har mun ɗauka haka duniya take. Ban taɓa tunanin akwai ƙasar da abin zai juye mani ba. Ƙafa uku ba ta shiga rami biyu ko da wace dabara. Baffa na zaune yana jan carbi yana kallona, ya ce, "To, ko bangon gidan bai karɓe ta ba."

Na ce bango ba shi da ta cewa. Na yafa mayafi na fita neman adafta da tsakar rana, ashe lokacin ne garin ke rufe shaguna a tafi hutu. Mu a Katsina mai shago ko abinci yake ci, in ya hango ka sai ya ajiye cokali. Can kuwa ka buga ƙofa a ce maka sai yamma, kuma ba wanda ya ga laifin haka. Na samu wani mai gyaran rediyo a gindin bishiya, ya duba fulogin ya ce abu mai sauƙi, a yanke kan a fere wayoyin a cusa su tsirara a bango. Har ya ɗauko reza. Na fizge kayana na ce ban tsallako iyaka don in ƙona gidan baffana da sikanar mutane ba. Na zauna a inuwa har aka buɗe kasuwa, na samu adaftar a wurin wani mai kayan wuta, wanda da muka gaisa ashe ɗan Batsari ne.

Na dawo na jona, ɗan koren fitila ya kama. Sai ga sabuwar magana. Baffa ya ce na'urar ba za ta zauna a tabarma ba, dole ta fi mu tsayi. Aka kife turmi aka ɗora akwatin ƙarfe a kai, sikanar ta zauna ɗas, ba sauran wurin ko allura. Kwamfuta kuma ya ce ba za ta yi kafaɗa da littafin ba, tunda bai san abin da ta taɓa haɗiya ba, sai aka ba ta 'yar kujerar tsuguno can gefe. Akwatin ajiya ya samu filo. Na yi alwala, shi ma ya yi. Ya kwance gafakar, ƙanshin tsohuwar fata da turare ya cika ɗakin, ya zaro takardar farko. Ya ce shi kaɗai zai taɓa.

Da na ce ya kifa ta a kan gilashin sai ya janye hannu. Ya ce ba a kife sunan Allah. Na ji raina ya fara tafasa, amma na danne. Na ce Baffa, takardun nan gaba da baya aka rubuta su, duk shekarun da suka yi a gafaka rabin rubutun a kife yake, kuma Malam da kansa ya jera su haka. Ya ce bakin nan ba a ƙasa na tsince shi ba, na kakata ne. Ya kifa takardar.

Hasken ya bi ta ƙarƙashin gilashin a hankali, shafin ya fito a fuskar kwamfuta, baƙar tawada da jan wasali, har da inda alƙalami ya ɗan yi tsartuwa. Na ƙara mashi girma. A gefen shafin akwai wasu ƙananan rubutu da Malam ya yi, sirara ƙwarai. Baffa ya matso har gemunsa na taɓa gilashin, leɓɓansa na motsi. Daga baya Inna ta gaya mani ya yi shekaru idonsa bai iya karanta na gefen nan ba, bai dai taɓa faɗa wa kowa ba sai ita.

Ana cikin haka Inna ta shigo da tiren shayi. Kebul ɗin Anti Rahila dogo ne, ya sauko daga bayan sikana ya kwanta a ƙasa ya ratsa tsakar ɗaki kafin ya hau wurin kwamfuta. Inna ta tsallake shi ta wuce, kamar yadda kowa zai yi. Baffa ya bi ƙafarta da kallo, ya bi kebul ɗin daga wannan kai zuwa wancan. Sai ya ce, "Ɗiyata, rubutun ta ina shi ka bi ya zo nan?"

Na san amsar da za ta raba ni da fitina. In na ce ta iska yake bi, ba zai taɓa ganewa ba. Amma ban zo in yi wa tsoho ƙarya a kan littafin ubansa ba. Na ce ta cikin wannan kebul ɗin yake bi.

Ya ce in kashe. Ya mayar da takardar cikin gafaka ya ɗaure. Ya ce sunan Allah ya bi ta ƙasa an tsallake shi a ɗakinsa yana zaune, wannan ya ishe shi, gobe in kama hanya. Inna ta tsaya da tire a hannu kamar ta yi kuka. Ni kuwa abin da na daɗe ina dannewa ya taso. Na ce, "Baffa, ba inda za ni. Ƙaninka na kwance, hannunsa na dama ya mutu, magana da ƙyar take fita. Abu ɗaya ya roƙa a duniya, kuma ba gona ba ce, ba gida ba ne. In ƙasa ce matsalar, a ɗaga kebul ɗin. In kuma shi ne matsalar, ka faɗa mani da bakinka in je in gaya mashi."

Ya tashi ya tafi masallaci, ni kuma na koma ɗakin Inna na yi kukana na share, na bar kayana a haɗe yadda suke. Ko fulogi ban zare ba, don kowa ya san ban gama ba.

Da safe bayan an karya sai ya aiko a kira ni. Na tarar ya sa an buga ƙusa a bango. Na rataya kebul ɗin a kai, ya tashi daga ƙasa, muka sa takarda. Haske ya kai rabi sai kwamfuta ta yi 'yar ƙara, sikana ta ɗauke. Sai a lokacin maganar Anti Rahila ta dawo mani. Na sauke ƙusar ƙasa kaɗan, ta ɗauke. Na ɗaure da zare, na cusa takarda a ramin, na tokare da filo, duk a banza. Abu ɗaya ne ya yi aiki, mutum ya riƙe kan kebul ɗin daidai bakin ramin ya danna shi a miƙe, sauran tsawon kuma ya naɗe a damtsensa. Na gwada da kaina ta yi, amma in na riƙe ba mai danna kwamfuta. Inna ta ce ita za ta riƙe. Baffa ya ce tukunyarta na jiranta, amma ni na san ba tukunya ba ce, bai yarda da hannun kowa ba ne.

Ya dubi gafakar da ke cinyarsa, ya dubi kebul ɗin. Hannu biyu ne da shi, ba zai riƙe duka ba. Can ya tambaye ni ko alwalata na nan. Na ce tana nan. Ya miƙo mani gafakar, ya ja buzunsa zuwa gindin turmin, ya naɗe kebul ɗin a damtsensa na dama, ya kama kan da yatsu ya danna. Ya ce, "Bisimilla. Ki bi su a hankali, sun girme ki."

Haka muka yi kwanaki. Mu fara da hantsi, mu tsaya azahar, mu koma bayan la'asar. Ni ina sa takarda ina juyawa ina dannawa, shi yana zaune da hannu a sama kamar mai jiran a ɗaura mashi ƙarin ruwa a asibiti. In hannun ya gaji sai ya tallafe gwiwarsa da na hagu, amma bai taɓa sauya hannu ba, kuma ko sau ɗaya kebul ɗin bai sake taɓa ƙasa ba. Da yamma Inna ke shafa mashi man zafi a kafaɗa yana cewa ba abin da ke damunsa. Wutarsu kuwa, in faɗi gaskiya ko da ba daɗi, ta fi tamu zama, ga shi an ce daga wajenmu ake ba su. Wani lokaci in shafi ya fito sai ya ce in ƙara girma, ya karanta a fili, ya gaya mani wannan Malam ya rubuta shi shekarar da aka yi fari, wannan kuma bayan rasuwar kakata. Sau ɗaya ya nuna wani jan wasali da ya karkace ya ce wannan ba hannun Malam ba ne, wani yaro ne mai rawar kai aka ba alƙalami. Bai faɗi sunan yaron ba, ni ma ban tambaya ba.

Ranar da zan taho ya karɓi akwatin ajiyar ya naɗe shi da kansa cikin wani farin ƙyalle. Ya ce kar ya shiga but, kar ya shiga ƙarƙashin kujera, kar ya taɓa ƙasa. Na jira ko zai ba ni saƙo wurin Baba. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya juya ya shige.

A kan iyaka aka ce kowa ya sauke kayansa ƙasa a jera. Na sauke kwalin, na sauke jaka, na riƙe ƙullin a ƙirjina. Jami'in, ba na ranar nan ba ne, wani matashi ne mai tsaurin ido, ya ce har wannan. Na ce wannan ba ya sauka. Ya ce doka ce. Na ce ya duba shi a hannuna ko a nasa, in ya so ya kira babbansu, in ya so motar ta tafi ta bar ni, amma ƙasa kam a'a. Fasinjoji suka fara surutu, direba na ce mani Hajiya ki rufa mana asiri. Jami'in ya tambayi abin da ke ciki da nake wannan taurin kai. Na gaya mashi. Ya goge tafinsa a jikin wando, ya karɓa da hannu biyu ya buɗe ƙyallen ya duba, ya mayar ya miƙo mani. Ya ce Allah ya ba mai jiki lafiya.

Ban biya gidana ba, Ƙofar Durbi na wuce kai tsaye. Yaya Kabiru na zaure, ya ga ƙullin ya ga fuskata, ya matsa mani hanya. Na wuce ciki; na riga na tanadar mashi maganganu tun daga Jibiya amma da na gan shi sai na ji ba su da amfani.

Baba na kwance a katifarsa. Na jingina shi da filo, na yi mashi alwala, na ɗora kwamfuta a 'yar kujera gabansa. Na kwance ƙyallen na shimfiɗa a kan wani filon na ajiye akwatin, na jona. Ban gaya mashi komai game da abin da ya faru a Maraɗi ba, ko kalma ɗaya. Shafin farko ya fito. Ya zuba mashi ido, hawaye na bin gefen fuskarsa da ya shanye, bakinsa na motsi. Ni ma ina ta kallon fuskar tasa, shi ya sa ban lura ba ashe ɗan kebul ɗin akwatin ya lanƙwaso tsakanin filo da kujera, cikinsa na taɓa tabarma.

Shi ya gani. Ya yi wani gurnani, na ɗauka ciwo ne. Sai na ga ya kai hannunsa na hagu ya kamo na daman, wanda ya mutu, ya ja shi da ƙyar a kan zani, ya tura shi ƙarƙashin kebul ɗin ya ɗaga. Ya riƙe hannun da hannu, kebul ɗin na kwance a tafinsa na dama. Ya ce, a hankali yadda zan gane, "Ba a bari a ƙasa."

Ya sake duban shafin, sannan ya dube ni ya ce, "A can wa ya riƙe maki?"

Na ce Baffa.

"Da kanshi?"

Na ce da kansa, da hannun dama, tun daga shafin farko har na ƙarshe.

Ya jingina kansa da filo. Na ɗauka ya gaji ne, har na kai hannu zan karɓi kebul ɗin, ya hana ni da ido. Can ya ce, "Kafaɗar nan tashi ba ta da lafiya. Tun muna yara ya faɗo daga bisa goruba." Sannan ya ce, "Yaya ya sha wuya."

Yaya Kabiru na tsaye a bakin ƙofa, na ji ya ja numfashi, don shi ma tun da aka haife shi bai taɓa jin kalmar a bakin Baba ba. Baba bai kalli kowa a cikinmu ba. Ya gyara riƙon hannunsa, ya ɗaga haɓa wajen kwamfutar, ya ce in buɗe shafi na gaba.